Tsohuwar kwamfutar tebur da matsalar ɗaukar zafi: daga ina zafin yake, kuma a ina yake maƙalewa

Akwai wata magana da na sha ji a bakin mutane, wai kwamfuta in ta tsufa dole ne ta riƙa ɗaukar zafi, kamar dai tsufan ne yake hura mata wuta a ciki. Gaskiya ba haka abin yake ba. Furosesan da ke cikin kwamfutarka, wato ƙwaƙwalwarta da ke yin duk lissafi, in an ƙera shi ya riƙa fitar da zafin wat 65, to wat 65 ɗin nan dai zai ci gaba da fitarwa ko bayan shekara goma sha biyar, bai ƙara komai ba. Abin da ya canza shi ne hanyar da zafin yake bi ya fita waje, ita ce ta toshe ko ta lalace a wani wuri, kuma wallahi mafi yawan lokaci gyaran ba ya buƙatar ka sayi komai sai ɗan haƙuri da sukundireba.

Bari mu fara da inda zafin yake fitowa. Duk wutar lantarkin da ta shiga kwamfuta, kusan gaba ɗayanta zafi take komawa daga ƙarshe. Ka tuna tsohon ƙwan fitila mai wat 60, wanda in ya yi minti goma a kunne ba ka isa ka kama shi da hannu ba? To irin wannan zafin ne, ko ma fiye, yake fitowa daga wani ɗan abu da bai fi girman farcen babban yatsa ba. Pentium 4 ɗin da Intel ta fitar a 2004, wanda ake kira Prescott, wasu daga cikinsu har wat 115 suke kaiwa, shi ya sa ya yi suna wajen zafi. Core 2 Duo na 2006 ya sauko zuwa wat 65, shi kuma Core 2 Quad Q6600 na 2007 yana tsakanin 95 da 105, ya danganta da wanda ka samu. Ga kuma katin hoto in akwai shi, ga fawa-fak mai raba wa sassan wuta, ga had disk mai ajiye bayanai, kowa yana zuba nasa zafin a cikin akwati ɗaya.

Zafin nan kuma tafiya yake yi mataki mataki. Daga cikin furosesa ya hau murfin ƙarfen da ke samansa, daga nan ya ratsa wani ɗan mai da ake shafawa wanda masu gyara ke ce wa tamal fes, ya shiga hitsink, wato ƙarfen nan mai haƙarƙari da yawa da ke zaune a kan furosesa, sai fanka ta hura iska ta kwashe shi daga haƙarƙarin, sai iskar mai zafi ta fita daga kesin ta baya, ta shiga ɗaki. Kamar lagireton mota ne, in wuri ɗaya ya toshe duk sauran sun tashi aiki. Don haka tambayar da za ka yi ita ce, a wane mataki zafin ya maƙale? Mutane da yawa ba sa tsayawa su yi wannan tambayar, sai kawai su je su sayo fanka biyu su ɗaura, alhali matsalar tana can ƙarƙashin hitsink inda iskar fanka ba ta kaiwa.

Alamomin dai sanannu ne. Fanka ta riƙa gurnani kamar za ta tashi sama, kwamfutar ta fara aiki lafiya lau da safe amma bayan minti ashirin sai ta koma slo, linzami yana tsalle, bidiyo yana sarƙewa, can kuma sai ta ɗauke ɗif ba gargaɗi ba komai, in ka danna ta sake tashi sai ta ƙi ko ta tashi ta ƙara mutuwa, sai ta huce tukuna. Slo ɗin nan ba lalacewa ba ce fa, furosesan ne da kansa yake rage gudu don ya rage zafi, tun zamanin Pentium 4 ake saka musu wannan dabarar. In rage gudun bai wadatar ba sai ya yanke wutar gaba ɗaya don kada ya ƙone. Yawancin na Intel iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, amma tsofaffin na AMD da yawa iyakarsu ta fi haka ƙasa sosai, wasu Phenom II digiri 62 ne kawai, saboda haka kada ka ɗauki lambar wani ka auna naka da ita, ka duba ta furosesanka.

Amma ba duk kwamfutar da ke mutuwa da kanta ce zafi ke damu ba, fawa-fak mai rauni ma yana yin haka, ram, wato ɗan allon ma'ajiyar wucin gadi, in bai zauna daidai ba shi ma yana yi. Shi ya sa nake cewa a auna kafin a taɓa komai. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da HWiNFO, in kuma Linux kake amfani da shi akwai lm-sensors. Ko ba ka da ko ɗaya, in ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, lokacin kunnawa, yawanci da maɓallin Del ko F2, za ka tarar da shafin da ke nuna zafi da gudun fanka a kwamfutoci da yawa. A taƙaice in ba ta aikin komai kana ganin 30 zuwa 45 babu damuwa, in tana aiki mai nauyi ta tsaya wajen 60 zuwa 70 da ɗoriya a na Intel shi ma lafiya, amma in kana ganin 85 zuwa sama to ruwa fa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi lambar kanta amfani shi ne yadda take hawa, kuma nan ne nake so ka natsu. Ka buɗe manhajar, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi, ka zuba ido. In zafin ya yi tsalle daga 45 zuwa 90 a cikin daƙiƙoƙi kaɗan, to zafin bai ma samu ya shiga hitsink ba, matsalar tana tsakanin furosesa da ƙarfen, ko man ya bushe ko hitsink ɗin ya ɗaga. In kuwa a hankali yake hawa, minti goma, minti ashirin, yana ta ƙaruwa ba ya tsayawa, to zafin yana shiga ƙarfen amma babu mai kwashe shi, ko ƙura ce ko fanka ko kuma iskar ce ke ta zagaye a cikin kesin ba ta fita. Kana iya tabbatarwa da hannunka ma: ka kashe ta, ka zare wuta, nan take ka ɗan taɓa gefen hitsink. Manhaja ta ce 90 amma ƙarfen da ɗumi ɗumi kawai? Zafin ba ya ƙetarawa. Ƙarfen yana ƙuna? Yana ƙetarawa, iska ce babu. Gwaji na uku kuma ka cire murfin gefe ka sake aunawa, in zafin ya faɗi sosai to iskar cikin kesin ce matsalar. Da waɗannan ukun kawai ka riga ka san inda za ka dosa.

Ƙura ita ce kan gaba, nesa ba kusa ba. Kwanakin baya na buɗe wata tsohuwar kwamfuta ta yayana da take mutuwa duk bayan rabin awa, in ka leƙa ta sama fankar tana juyawa lafiya, har ma kamar babu datti sosai. Sai da na kwance fankar daga kan hitsink na ga abin, ƙurar ta haɗu da gashi da zare ta zama wani bargo toka toka mai kauri, ya rufe bakin haƙarƙarin kaf, na kama gefensa da yatsu biyu na ɓare shi ya taso gaba ɗaya a dunƙule kamar tsumma. Fankar shekara da shekaru tana hura iska a jikin bargo ne, ko kaɗan ba ta shiga ƙarfen. Shi ya sa leƙe daga sama bai isa ba, wurin da ƙurar ke taruwa yana tsakanin fanka da ƙarfe, inda ido ba ya gani. Ɗakin da ake shan sigari ya fi muni ma, don hayaƙin yana sa ƙurar ta yi danƙo ta manne, hurawa kawai ba ta cire ta.

Yadda ake sharewa ba wuya amma akwai ƙa'ida. Ka kashe, ka zare wayar wuta daga baya, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, ka fitar da ita waje don kada ka shaƙi ƙurar ko ta dawo inda ta fito. Kafin ka sa hannu a ciki ka taɓa ƙarfen kesin, saboda ɗan lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, wanda kai ba ka ma jinsa, yana iya kashe ram ko modabod, wato babban allon da duk sassan ke haɗe a kansa. Ka yi amfani da bulowa ko iskar gwangwani da buroshi mai laushi. In gwangwani ne ka riƙe shi a tsaye, in ka kifa shi ruwa mai sanyi yake fesowa. Sannan don Allah ka danne fanka da yatsa ko ka saƙala mata ɗan tsinke lokacin da kake hura mata iska, kada ka bar ta tana wulwulawa tana ƙara, gudun da ya wuce ƙa'ida yana cinye boris ɗinta, wato abin da take juyawa a kansa. Injin zuƙe shara na gida kuma ban so a kusantar da bakinsa jikin modabod, yana tara lantarki kuma yana iya fizge ƙananan abubuwa. Kada ka manta da katin hoto, shi ma yana da tasa fankar da nasa bargon, ga ragar gaban kesin, ga ramukan fawa-fak.

Sai maganar man nan. Me ya sa ma ake shafa shi? Saman furosesa da ƙasan hitsink in ka kalle su sumul suke, amma a zahiri akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, in ka haɗa su iska ce ke cike ramukan, ita kuma iskar da ta maƙale a wurin ba ta wuce da zafi sai kaɗan, jan ƙarfe ya ninka ta sau dubbai wajen wuce da zafi. Aikin man kawai ya kori iskar ya cike ramukan. Shi kansa bai kai ƙarfe iya aiki ba, saboda haka masu lafta shi da yawa suna ganin gata suke yi wa kwamfuta, a'a, siriri ake so. Da shekaru yana bushewa, ya tsattsage, ya koma kamar busasshen alli, a ta yayana da na ɗaga hitsink ɗin gari gari ya riƙa zubowa. Sai ka goge tsohon tas daga ɓangarorin biyu da sifirit mai ƙarfi irin aisofurofil da ƙyalle marar gashi, ka bari ya bushe, ka ɗiga sabo a tsakiya, ɗigo ɗaya da faɗinsa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, ka ɗora hitsink ka danna, nauyin dannawar zai baza shi da kansa. In ka ɗora sannan ka sake ɗagawa to ka goge ka sake sabo. Kuma ban yarda da man goge baki ko girisin mota da wasu ke sakawa ba, kwana kaɗan ya bushe ko ya narke ka koma gidan jiya.

A nan akwai wurare biyu da ake yin ɓarna garin neman gira a rasa ido. Na farko tsofaffin furosesan AMD masu ƙafafu a jikinsu, irin na soket AM2 da AM3 (soket a nan shi ne gurbin da furosesa ke zama), in man ya bushe yana manne su da hitsink kamar gam, ka fizga sama da ƙarfi sai furosesan ya biyo ƙarfen ya fito daga soket ƙafafunsa su lanƙwashe. Dabarar ita ce ka bar kwamfutar ta yi aiki na wasu mintuna man ya yi laushi, ka kashe, sannan ka riƙa murɗa hitsink ɗin hagu da dama a hankali har ya saki. Na biyu hitsink ɗin Intel mai ƙusoshin roba huɗu, wanda ya zo tun soket 775. Robar tana tsufa ta yi rauni, ɗaya ta karye ko ta fita ba ka sani ba, sai ƙarfen ya karkace ya zauna a gefe ɗaya. In za ka mayar ka danna su biyu biyu a gicciye, ka ji kowace ta yi ƙas, in da hali ka leƙa bayan modabod ka ga duk huɗun sun fito. Na ga kwamfutoci da dama da aka canza musu mai aka ce bai yi ba, ashe ƙusa ɗaya ce ba ta shiga ba.

Fanka kuma tana mutuwa a hankali ne, ba lallai ta tsaya cak ba. Ka juya ta da yatsa a kashe, lafiyayya za ta yi ta juyawa sannan ta tsaya a hankali, wadda ta gaji za ta tsaya nan take ko ka ji tana karta. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin sitikar bayanta yana iya farfaɗo da ita na ɗan lokaci, amma canzawa ya fi. In kesin ɗinka yana da gurbin mai milimita 120 ka saka ita maimakon mai 80, babba tana tura iska da yawa a hankali ba hayaniya. Ka kuma lura da inda take fuskanta, akwai 'yar kibiya a gefen yawancinsu, in babu to iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan roba da sitika suke.

Tsarin da ake so shi ne iska mai sanyi ta shiga ta gaba daga ƙasa, ta ratsa, mai zafi ta fita ta baya daga sama. Tsofaffin kesin da yawa fankar fawa-fak ce kawai ke fitar da iska, gurbin fankar baya yana nan fayau ba a saka komai ba, in haka taka take to fanka ɗaya a wannan gurbin tana fitar da iska ta fi amfani a kan guda uku da aka jera barkatai suna faɗa da juna. In akwai faffaɗan wayoyin nan na IDE masu kama da ɗamara, ka naɗe su ka ɗaure su gefe, labule ne sosai a hanyar iska. Game da barin murfin gefe a buɗe da kafa mata fankar ɗaki, eh yana sauke zafi a kwamfutoci da yawa kuma a matsayin taimakon gaggawa ba laifi, amma ƙura za ta riƙa shiga fiye da da, sannan ƙananan kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da makamantansu na HP an tsara su ne iska ta bi ta wani bututun roba, in ka buɗe murfin ko ka yar da bututun sai wasu sassan su daina samun iska gaba ɗaya.

Inda ka ajiye ta ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin kawai take amfani da ita, in ɗakin ya ƙaru da digiri biyar to furosesa ma zai ƙaru da kusan biyar. Kwamfutar da aka cusa cikin durowar tebur mai rufi tana shaƙar iskar da ta fitar ne. Ka ba bayanta tazara daga bango ko da tafin hannu guda ne, ka ɗaga ta daga ƙasa musamman in kan kafet ne, kada rana ta riƙa dukanta ta taga, kada kuma a jibga takardu a kan ramukanta.

Fawa-fak, ka hura masa iska ta ramuka daga waje shi ke nan, kada ka buɗe shi. Da gaske nake wannan, manyan kafasitocin cikinsa, wato sassan da ke tara wuta, suna iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare soket. In fankarsa ta tsaya ko kana jin ƙaurin ƙuna, canza shi za a yi. Tunda kuma ka riga ka buɗe kesin, ka haska tocila ka dubi kafasitocin kan modabod, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da furosesa. Samansu ya kamata ya zama a shafe, in ka ga ya kumbura ko wani abu ruwan ƙasa ya tsatso ya bushe to sun gama. Kwamfutocin da aka yi daga wajen 1999 zuwa 2007 sun yi fama da wannan sosai. Zafi ne babban abokin gabarsu, ƙa'idar da masu lantarki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake damuwa da zafi ko da kwamfutar ba ta mutuwa, furosesa yana da dabarar kare kansa amma kafasita ba shi da ita, had disk ma haka. Shi had disk yawanci iyakarsa 55 zuwa 60 ne, CrystalDiskInfo zai nuna maka zafinsa da lafiyarsa, in yana yawan wuce 50 ka matsar da shi kusa da iskar gaba, ka kuma kwafe muhimman abubuwanka wani wuri tun yau. Musanya shi da SSD, wato ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, yana rage zafi kaɗan, ga sauri.

Saura ɓangaren da ba na sukundireba ba. Na ce furosesa bai ƙara zafi ba, haka ne, amma aikin da muke ɗora masa ya ƙaru. Shafukan intanet na yanzu sun fi na da nauyi, sannan bidiyon YouTube da yawa yana zuwa ne a tsarin VP9 ko AV1 wanda tsofaffin katunan hoto ba su san shi ba, sai duk wahalar ta koma kan furosesa ya riƙa aiki ɗari bisa ɗari a kan abin da sabuwar waya ke yi ba tare da ta ji ba. Ka sauke ingancin bidiyon zuwa 720 ko 480 ka ga yadda fanka za ta lafa. A Windows ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, jerin manhajojin da ke aiki zai buɗe, ka duba me ke cin furosesa lokacin da ba ka aikin komai, in ka ga wani abu da ba ka sani ba ya riƙe kashi 80 ko 90 to ka bincike shi, akwai bairos ɗin da aikinsa kawai ya riƙa haƙo kuɗin kirifto da kwamfutar mutane. A BIOS ka tabbatar SpeedStep na Intel ko Cool'n'Quiet na AMD a kunne suke, su ne ke sa furosesa ya sassauta in babu aiki, in kuma wani ya taɓa ƙara mata gudu fiye da ƙa'ida ka mayar da saitin yadda ya zo. A Windows, cikin saitin wuta, in ka sauke iyakar ƙarfin furosesa daga 100 zuwa 99 yana hana Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi da kansa, tashi a waɗanda ke da shi, gudu zai ɗan ragu amma zafi yana sauka sosai.

Bayan ka gama duk abin da za ka yi, ka rufe murfin, ka sake yin gwajin nan na farko da aiki iri ɗaya, ka rubuta lambobin a 'yar takarda da kwanan wata ka manna a cikin murfin gefe. Bayan wata uku ko shida ka sake aunawa, in ka ga ta ƙaru da digiri takwas ko goma a kan abin da ka rubuta alhali yanayin ɗakin bai canza ba, to bargon ya fara dawowa, sai a fito da bulowa.